Shamuwar Inna Balaraba da Kwas Ɗin da Za Mu Zaɓa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Aminullahi, wanda ya riƙe kyamara tun zamanin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu; mai girma wakilin hakimi, Allah ya ja zamanin wanda ya aiko ka; malamanmu masu daraja, Allah ya gafarta malam; shugabannin Ƙungiyar Masu Ɗaukar Hoto na Anka, da na Bukkuyum, da namu na nan Gummi; iyayena mata da ƙannena da ke can gefen inuwa; 'yan kabu-kabun da suka kawo baƙi suka ƙi komawa saboda sun jiyo ƙamshin abinci; jama'a maza da mata, manya da yara, ina yi muku sallama irin ta addinin Musulunci, ina yi muku barka da zuwa, ina yi muku sannu da wannan zafi na bazara.

Godiya ta farko ga Allah, wanda ya tara mu lafiya. Godiya ta biyu ga mutanen Anka da Bukkuyum, da suka biyo hanyar da duk muka san halinta, ba su ce sai an aiko musu da sakamako ba. Godiya ta uku ga shugaban taro, da ya ba ni wannan dama duk da an gargaɗe shi cewa in na kama lasifika sai an ƙwace.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Murjanatu, amaren garin nan kuwa Murja Mai Hoto suke ce mini. Aikina a cikin gidaje yake, wajen kamu da wunin biki da suna, inda ku maza ba ku shiga. Na saba in tsaya bayan kyamara in ba da umarni a bi, ban saba a sa ni a gaba ana kallo ba. Kuma tun da na miƙe na ga wasu sun ɗaga wayoyi suna ɗaukata ta ƙasa, inda haɓa take fitowa biyu. Ba zan ce Allah ya isa ba, amma na gane fuskokinku, kuma bikin ƙannenku mata yana tafe.

Abin da ya tara mu ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyarmu ta yanke shawarar tura mutum ɗaya, domin iyakar ƙarfinmu ke nan, ya koyo ɗaukar hoton tsuntsaye da namun daji. Kwasa-kwasai uku aka kawo mana, kuma kafin a tashi daga nan za a ɗaga hannu a zaɓi guda, a zaɓi wanda zai je. Amma kafin in taɓa maganar kwas, bari in faɗa muku abin da ya tashe ni tsaye, don kada wani ya ce Murja ta zo da manufa a ƙunshe. Ina da tawa buƙatar, kuma ga ta a fili.

Mahaifiyata, Inna Balaraba, mutuniyar Tungar Ilu ce, wata 'yar ƙaramar tunga can bayan Zugu. Can aka haife ta, can aka aurar da ita, can ta binne mijinta. Da 'yan bindiga suka matsa wa tungar, kowa ya kama gabansa, na ɗauko ta, yau damina biyu ke nan tana zaune a ɗakina nan Gummi. A ƙofar gidanta na can akwai wata tsohuwar tsamiya, kuma duk shekara, in bazara ta yi nisa hadari ya fara haɗuwa, shamuwa takan zo ta yi sheƙa a kanta. Inna tana da magana ɗaya da ba ta sauyawa: "Shamuwa ba ta sheƙa ga kufai." A wurinta, in shamuwa ta dawo kan tsamiyar nan, to tungar tana da sauran rai, ita ma za ta koma ta shuka geronta, in ba ta dawo ba, to an gama. Ni na san shamuwa ba jami'in tsaro ba ce, ku ma kun sani, amma wanda yake da ƙarfin halin faɗa wa Inna haka, ga hanya nan, gidana ba ya da nisa.

To, manoma sun fara zuwa gonakinsu na wannan ɓangaren rafin da ya raba mu da tungar, da rana, a ƙungiyance, su dawo kafin la'asar. Daga can ana hango kan tsamiyar, amma ba mai ƙetarawa. Wannan ya dawo ya ce ya ga shamuwa, wancan ya ce hankaka ne, wani ya ce tsohuwar leda ce iska ta rataye. Wanda ya ɗauko a waya kuwa sai ya kawo mana ɗigo baƙi, kamar kashin ƙuda a jikin madubi. Kullum Inna tana tambaya, kullum ba ni da amsa, kuma abin yana ci mini rai. Saboda haka duk wanda muka tura koyo, aikinsa na farko yana jiransa a bakin rafin nan, kuma da wannan ma'aunin nake so mu auna kwasa-kwasan nan uku.

Abu na farko, akwai masu cewa ba mu ma buƙatar kwas. Jagoransu shi ne ɗan'uwana Bature na Anka, ga shi can yana gyara hula. Shi ne ya ce a zamanmu na baya: "Mu da muke tsayar da dangin ango da dangin amarya a hoto ɗaya ba a yi faɗa ba, tsuntsu ne zai gagare mu?" Sai muka ce to, sai an gwada akan san na ƙwarai. Muka rankaya fadama da hantsi, har da ni, domin irin wannan ba a bari sai an ba ka labari.

Jama'a, Bature ya fito cikin farar shadda wadda ta sha bugu ta sha sitaci, duk taku ɗaya sai ka ji ƙwaras, ƙwaras, ga turaren da ya zuba yana riga shi isa ko'ina. Muka tarar da ruwa cike da kirinjijiya, ga balbela, ga wani zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya. Bature ɗan gidan mutunci ne, ba ya faɗa wa taro haka kawai, sai ya tsaya a bakin ruwa ya ɗaga murya: "Salamu alaikum!" Rabin taron ya tashi sama, ko amsawa babu. Bai karaya ba. Ya tafa hannu kamar yadda muka saba, ya ce: "Na baya a matso! Kai mai dogon wuya, ɗan rusuna, ka tare na bayanka!" Sauran ma suka bi 'yan'uwansu. Zalɓen nan kaɗai ya rage, mai haƙuri, yana kallonsa da ido ɗaya, kuma ina kyautata zaton da an samu hotonsa, ba don wayar Bature ta ɗauki kiɗa a aljihu ba. Hoton da muka dawo da shi yana nan a shagonsa: ruwa a ƙasa, sarari a sama, da ƙafar zalɓe ɗaya can a kusurwa tana fita. Har yau Bature cewa yake yi zalɓen ne ba ya da tarbiyya.

Kada ku yi masa dariya shi kaɗai, domin da ni aka ba kyamarar, da na ce wa balbela ta gyara mayafi. Sana'armu ta ba da umarni ce: a tsaya, a matso, a ɗago kai, a yi murmushi. Waccan kuwa sana'a ce ta karɓar umarni, tsuntsu ke cewa yaushe, rana ke cewa ta ina, kai naka zama. Wanda ya shekara yana tsawa ba ya wayar gari ya iya shiru sai an koya masa. Saboda haka maganar ko muna buƙatar kwas, ina ganin ƙafar zalɓen nan ta amsa ta.

Abu na biyu, kwas ɗin babban birni. Shi ne wanda idanunmu suka fi hawa: masauki a otal, shayi da safe, takardar shaida mai zanen ruwan zinare a gefe, wadda in ka rataye a shago ko mai neman fasfo sai ya ƙara maka girma. Ba zan ce malamansa ba su iya ba, sun iya ƙwarai. Amma wani namu ya riga mu zuwa can a bara da ƙarfin aljihunsa, Shafi'u na Bukkuyum, kuma ya ba ni izinin in ba da labarinsa, bisa sharaɗin kada in ƙara gishiri. Na ce masa wannan miya ba ta buƙata.

Can an koya masa ɗaukar hoto irin na gandun dajin da aka kewaye da waya, inda babbar fargabar mutum ita ce kada biri ya sace masa burodi. Aka ce masa mai hoton daji na gaske yakan sa kaya masu dabbare-dabbare irin na soja, ya rufe fuska da raga, ya saɓa kyamara mai dogon baki a kafaɗa, ya riƙa rarrafe cikin ciyawa. Shafi'u ɗalibi ne mai biyayya, ya sayo komai, har takalmin. Ya dawo gida, ya hango cilakowa a kan wani icce bayan kasuwar wani ƙauye, kuma bai tashi gwada iliminsa ba sai ranar da kasuwar ke ci.

Ku dubi lamarin da idon wata mai fura a kasuwar, don Allah. Tana zaune tana dama, ta ɗaga kai, sai ta ga ciyawa tana tafiya, ga kaki, ga fuska a rufe, ga wani baƙin abu mai dogon baki ya nufo kasuwa. A ƙasarmu, a wannan zamani! Ihu ɗaya ta yi: "Ga su nan!" Wallahi kafin ka ce kwabo kasuwa ta watse. Mai tsire ya bar tsirensa ga karnuka, mai awara ta bar mai a wuta, wanzami ya bar mutum da rabin kai, mutumin ma bai tsaya neman ragowar askin ba. 'Yan sa-kai suka yi wa Shafi'u zobe. Shi kuma, bawan Allah, sai ya ɗaga kyamarar sama zai yi bayani, suka daka masa tsawa: "Ajiye ta!" Ya ce: "Tsuntsu nika ɗauka." Babbansu ya ce: "Wane tsuntsu? Mu munka yi maka kama da tsuntsaye?" Sai bayan la'asar aka sallame shi, bayan mai gari ya shaide shi, bayan ya biya furar da ta zube, bayan ya ɗauki kowane ɗan sa-kai hoto kyauta, wasu har sau biyu don sun ce sun rufe ido.

Muna dariya ne yau saboda Allah ya tsare. Da yatsan wani ɗan sa-kai ya riga kunnensa ya harba, da zaman makoki muka yi a Bukkuyum, ba wannan taron ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Malamin da bai san ƙasar da mutum mai kaki yana rarrafe a daji ba a ɗaukarsa masoyin tsuntsaye ba, iliminsa zai iya zama gaskiya a can ya zama ajali a nan. In muka tura mutum da wannan shiri bakin rafin Tungar Ilu, inda kowa ke noma kunnensa a tsaye, ba na tsammanin zai kai ga buɗe jaka.

Abu na uku, kwas ɗin gyaran hoto a kwamfuta. Shi ne mafi kusa, shi ne mafi sauƙi, ana yin sa a ƙarƙashin fanka, kuma na san yawancin matasanmu can zuciyarsu take. Suna cewa, me zai kai mu fadama sauro ya cinye mu, alhali a zaune za mu iya sa zaki ya kwanta a gaban teburin mai shayi? Ba na raina wannan ilimi, da shi muke ci. Ni kaina amare nawa na share wa ƙuraje, angwaye nawa aka tsayar kusa da jirgin saman da ko inuwarsa ba su taɓa shiga ba? Wannan wasa ne, mai hoto ya sani, mai karɓa ya sani, kowa ya yi dariya ya tafi. Amma akwai ranar da mai karɓa bai sani ba, kuma a gidana aka yi ta.

Duk Gummi ba wanda ya kai Jibo iya wannan aiki. Ga shi can ya sunkuyar da kai. Ɗago, Jibo, kai ka ce in faɗa. Jibo maƙwabcina ne, kullum yakan leƙo ya gaida Inna, kullum yakan tarar da ita tana kallon ƙofa. Tausayi ya kama shi. Ya tuna yana da wani tsohon hoto da ya ɗauka shekarun baya wajen wani suna a Tungar Ilu, a gindin tsamiyar nan. Sai ya zauna ya goge mutanen da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ya samo shamuwa a intanet ya zuba a kan rassan, har da sheƙa, har da hadari a baya. Aiki ya yi kyau, wallahi ni kaina da na gani sai da na ƙara dubawa. Niyyarsa ya ba ta ya ce, Inna ga abin kallo, ki rataye a ɗaki ki riƙa tunawa da gida.

Bai samu ya buɗe baki ba. Tana karɓa ta kai shi kusa da ido, sai ta rangaɗa guɗa, tsohuwar da na manta rabon da in ji dariyarta. Da yake ni ce ɗiyar fari ba ta kiran sunana, sai na jiyo ta daga madafa: "Ke wagga, zo ki gani! Sun komo! Wallahi sun komo ga iccena!" Ta faɗi ta yi sujada, ta tashi ta kama hannun Jibo tana sa masa albarka, shi da iyayensa da 'ya'yan da bai haifa ba. Ku faɗa mini, wane ne a cikinku zai iya cewa a wannan lokaci, Inna tsaya, kwamfuta ce? Jibo ya fita da gumi. Washegari ya same ni a shago ya ce: "Yaya Murja, na yi ɓarna." Garin gyaran gira ya taɓa ido.

Tun daga ranar Inna ta ɗaure kayanta. Ta fito da irin geron da ta taho da shi a gora, ta shanya, ta sheƙe, ta mayar. Ta sallami maƙwabta, ta yafe wa kowa, har da waɗanda ba su yi mata komai ba. Duk ɗan kabu-kabun da ya wuce ƙofar gida sai ta aika a tambaye shi ko yana zuwa wajen Zugu. Ni kuwa na zama mai dabara: yau in ce ba mai, gobe in ce hanya ba kyau, jibi in ce a jira ruwan farko. Na ji haushin Jibo, ba zan ɓoye ba, na yi kwanaki ba na amsa gaisuwarsa. Amma da na huce sai na gane ba mugunta ya yi ba, abin da ya iya ya yi. Mun koya wa hannunsa yadda ake sa abin da babu, ba wanda ya koya masa yadda ake jiran abin da ke akwai. Kwas ɗin da zai ƙara mana wannan gwaninta, a ganina, ba shi ne muke da ƙishinsa ba a bana.

Saura na ƙarshe, wanda da aka karanto shi a zamanmu na baya wasu suka yi tsaki. Bita ce da Malama Kausar take shiryawa, wata mai nazarin tsuntsaye da ta daɗe tana zuwa fadamarmu. Ba otal, ba shayi, tabarma ce a gindin icce, kowa ya zo da gorar ruwansa. Da yake zuwa da kai ya fi saƙo, na je na same ta. Na ce: "Malama, wace irin kyamara za a zo da ita ranar farko?" Ta ce: "Ba a zuwa da kyamara a kwanakin farko, zama ake koya." Na ce: "Zama? Malama, ai mu a garin nan ba abin da muka fi iyawa." Ta ce: "Zama ba magana." Nan na gane da ni take.

Ta zaunar da ni a bakin ruwa ta ce in yi shiru. Ni, Murja! Na haɗiye magana, ta dawo, na sake haɗiyewa, har na ji kamar zan ƙware. Ban daɗe ba cinnaka ya kawo mini ɗauki na miƙe. Amma a ɗan shirun nan da na yi, wata kirinjijiya ta fito daga ciyawa ta wuce ta gabana, kusa ƙwarai, tana gyara fiffike abinta, ba ta ma san da ni ba. Na tsufa ina wuce fadamar nan ban taɓa ganin haka ba, kuma na ji daɗin da ban yi zato ba.

Abin da take koyarwa kuwa kamar don mu aka tsara shi. Tana koyar da inda za ka sa rana da inda za ka sa iska, da lokacin da tsuntsu ke fita kiwo da lokacin da yake komawa sheƙa, da yadda ake riƙe kyamara mai dogon baki ta kamo abin da ke ƙetaren rafi ba tare da hannu ya yi rawa ba. Tana cewa ka sa koɗaɗɗun kaya irin na kowane manomi, ka fara gaida mai gari kafin ka gaida tsuntsu, ka sanar da 'yan sa-kai, ka fito da kyamararka daga jaka a gaban shaidu kowa ya taɓa ta ya san ba ta tashi kamar bindiga. Tana cewa kada ka je inda manoma ba su zuwa, kada ka kai lokacin da ba su kaiwa, domin ba hoton da ya kai rai. Kuma dokarta da ba ta sassautawa: ba a ƙara ko gashin tsuntsu ɗaya a hoto, ba a cire ko reshe ɗaya. Bitar za ta ƙare damina ba ta yi nisa ba, shamuwa kuwa in ta yi sheƙa ba ta tashi sai 'ya'yanta sun yi fiffike, saboda haka lokaci bai ƙure mana ba, amma ba mu da na ɓatawa.

Mai girma shugaba, jama'a, shawarata ita ce mu zaɓi bitar Malama Kausar, kuma mu tura Jibo. Na ji guna-guni daga can baya, na san abin da kuke cewa: mutum ya yi ɓarna kuma a ba shi tukuici? Ku kwantar da hankalinku, ba tukuici ba ne. Wanda ya saba da fanka za a kai shi ya zauna cikin sauro bakinsa a rufe, ko maƙiyinsa ba zai yi masa fatan fiye da haka ba. Jibo yana da ido, yana da hannu, ya san tsamiyar nan reshe-reshe tunda ya wuni yana zuba mata tsuntsaye, kuma duk cikinmu ba wanda abin nan ya hana sukuni kamarsa. Amma ba wannan ne babban dalilina ba. Babban dalilina, ba ni na zaɓe shi ba.

Yau da safe, kafin in fito, na ga ba zan iya tsayawa gaban malamai in yi maganar gaskiya ba alhali na bar ƙarya a ɗakin uwata. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai. Na ce, Inna, hoton nan haɗa shi aka yi, ba wanda ya san ko shamuwa ta dawo. Na yi zaton za ta yi kuka, ko ta yi faɗa, kuma da ta yi ɗaya daga ciki da na fi samun sauƙi. Sai ta ɗora hoton a cinyarta ta ƙare masa kallo. Sannan ta ce: "Ashe yaron ga ya iya ƙarya haka da kyau." Na miƙa hannu in karɓa, ta janye. Ta ce: "A'a, bar mini abina. Shi da ya kawo wanga, shi za ya kawo na gaskiya, mu yi musanya hannu da hannu. Ki ce mishi na yafe, amma kada shi ji tausayina karo na biyu. In da shamuwa, in tafi in shuka gerona. In babu, shi ɗauko mini iccen hakanan yadda yake, in gani da idona, ku nuna mini inda za ku binne ni nan Gummi, in bar kallon hanya."

Jama'a, zan faɗa muku gaskiyata. Ina tsoron amsoshin nan duka biyu. In Jibo ya dawo da shamuwa, zan shiga kokawa da tsohuwar da ke son komawa inda nake jin tsoro. In ya dawo da icce ba kowa a kansa, ni ce zan zauna kusa da ita lokacin da za ta duba. Ba wanda zai yi mini daɗi. Amma ita ta ce tana so ta sani, kuma shekarunta sun kai a daina yi mata wasa. Tana can yanzu tana jiran in koma in faɗa mata hannuwa nawa suka tashi.

Allah ya yi mana zaɓin alheri. Allah ya ba wanda za mu tura haƙurin zama da tsarkin hannu, ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare manomanmu a gonakinsu da matafiyanmu a kan hanya. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina a Anka, da Gummi, da Bukkuyum, da ƙasarmu baki ɗaya, ya mayar da kowane tsoho ƙofar gidansa yana da sauran ƙarfin shuka. Allah ya ƙara wa shugabanninmu adalci, ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya mayar da baƙinmu gidajensu cikin aminci. Uwata kuma, duk abin da hoton nan zai nuna mata, Allah ya ba ta zuciyar ɗaukarsa, ni ma ya ba ni.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.